Ciwon Haukan Kare da Sauran Cututtukan da Ake Ɗauka Daga Kare da Kyanwa

Ciwon haukan kare cuta ce ta ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, wadda wata ƙwayar bairos ke haddasawa. Tana kama dabbobi masu shayarwa baki ɗaya: kare, kyanwa, saniya, akuya, jaki, raƙumi, dila, kura, jemage, har da mutum. Kaji da sauran tsuntsaye ba sa yaɗa ta. Ƙwayar tana zama a yawun dabbar da ta kamu, kuma tana shiga jikin mutum ta hanyar cizo, ko yakushi, ko lasar wurin da fata ta tsage, ko yawun ya fantsama cikin ido ko baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin ɗari na masu kamuwa daga kare suke ɗauka, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ake cizo yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yaro ne ke tsokanar kare da jifa, shi ne kuma gajere, don haka cizon kan same shi a fuska ko wuya. Sau da yawa kuma yakan ɓoye, don tsoron faɗan iyaye.

Hanyar da ƙwayar ke bi a jiki ita ce ke bayyana duk sauran al'amarin. Ba ta bin jini. Takan zauna a naman wurin cizon na ɗan lokaci, sannan ta kama jijiya ta riƙa hawa sannu a hankali har laka, daga laka zuwa ƙwaƙwalwa. Tafiyar kan ɗauki wata biyu zuwa uku, ko da yake takan gajarta zuwa mako guda, ko ta kai shekara. Cizon fuska da wuya ya fi saurin kaiwa ga ƙwaƙwalwa, saboda kusanci. Haka ma na yatsun hannu, saboda yawan jijiyoyinsu. A duk tsawon wannan lokaci mutum lafiyarsa lau, yana cin abinci, yana zuwa gona ko makaranta. Raunin ma ya warke, ya bar ɗan tabo. Warkewar nan ita ta fi kowane abu yaudarar mutane, domin ba ta da wata alaƙa da abin da ke tafiya a cikin jijiya.

Idan ƙwayar ta isa ƙwaƙwalwa, alamu na farko ba su da bambanci da zazzaɓin da aka saba: jiki ya yi zafi, kai ya yi ciwo, kasala ta rufe mutum. Abin da ke bambanta su shi ne ƙaiƙayi ko zugi ko tsuki a daidai tsohon tabon. Bayan 'yan kwanaki sai firgita da rashin barci da fizge-fizge su biyo, yawu ya riƙa dalala. Maƙogwaro kan shaƙe da zarar an kawo ruwa kusa da baki, har majinyaci ya riƙa tsoron ganin kofi alhali ƙishirwa na cinsa. Iskar mafici ma takan tayar masa da wannan shaƙewa. Kusan ɗaya cikin biyar na masu cutar ba sa yin wannan hargitsi. Jikinsu ne ke shanyewa daga gaɓar da aka ciza har ya game ko'ina, shi ya sa ake yawan ɗaukar nasu a matsayin wata cuta dabam. Ko ta wace siga ta zo, da zarar alamu sun bayyana mutuwa ce ke biyowa cikin kwanaki kaɗan. Waɗanda aka tabbatar sun rayu a duk duniya 'yan ƙalilan ne ƙwarai, yawancinsu kuma da naƙasa. A ƙauyuka da dama ana fassara waɗannan alamu da iska ko sammu, a kai majinyaci wajen mai ruƙiyya ko boka, ba wanda ya tuna da kwikwiyon da ya cije shi tun kafin girbi.

A jikin kare, alamar da ta fi muhimmanci ita ce canjin hali. Karen da aka sani da faɗa ya yi laushi, ko mai natsuwa ya fara kai wa kowa cizo ba tare da an tsokane shi ba. Yakan ciji itace, dutse, ko igiyar da aka ɗaure shi da ita, haushinsa ya dushe, ya bar gida ya kama yawo mai nisa. Wani kuwa ba ya cizon kowa: ya laɓe a lungu, muƙamuƙinsa na ƙasa ya saki, yawu na zuba, ƙafafun baya su mutu. Mai irin wannan kare kan zaci ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu a bakinsa. Makiyaya ma sukan yi wa saniya haka idan ta kama kuka ba tsayawa tana dalala, kuma da tsagar fata ƙarama a hannu an gama ɗaukar cutar. Kyanwa mai hauka ta fi ɓuya, ta yi tsalle ta kai yakushi da cizo ga duk wanda ya matso. Kare kan fara fitar da ƙwayar a yawunsa 'yan kwanaki kafin haukan ya bayyana, saboda haka ganin karen yana wasa a ranar da ya yi cizo ba hujja ba ce.

Abu na farko bayan cizo ko yakushi shi ne wanke raunin nan take da sabulu da ruwa mai gudana, na tsawon minti 15 cif, a agogo. Kowane sabulu ya wadatar, ko na wanki ne, domin ƙwayar tana da fatar maiƙo wadda sabulu ke narkarwa. Idan babu famfo, wani ya riƙa tsiyayo ruwa daga buta ko bokiti. Bayan wanki a shafa aidin ko sifirit idan akwai. Ba a ɗaure raunin tamau, kuma ma'aikatan lafiya kan guji ɗinke shi nan da nan, sai in dole. Daga nan sai asibiti a ranar, ba kemis na unguwa ba, inda galibi abin da za a samu shi ne maganin kashe zafi da allurar tetanas. Allurar tetanas tana da amfaninta, amma ba ruwanta da haukan kare, kuma mutane da yawa sun koma gida da ita suna ganin an gama.

Rigakafin haukan kare allurai ne da ake yi a kan jadawali: ranar farko, rana ta 3, rana ta 7, sannan a wasu tsare-tsaren a ƙara ta mako na biyu ko ta ranar 28. Ana yin ta a dantse, ƙananan yara kuma a cinya, ba a ɗuwawu ba. Tsofaffi suna tuna allurai goma sha da ake jerawa a fatar ciki, kuma tsoronsu ya hana wasu zuwa asibiti. Waccan an daina ta a mafi yawan wurare. Idan cizon ya huda fata ya fitar da jini, musamman a kai ko wuya ko hannu, ana ƙarawa da wata allura ta garkuwar jini da ake zubawa a cikin raunin da kewayensa, don ta tare ƙwayar kafin rigakafin ya fara aiki. Mai juna biyu, mai shayarwa da jariri duk ana yi musu. Wanda ya yi jinkiri na makonni ma ya je, muddin alamu ba su fito ba. Matsalar gaskiya ita ce tsada da ƙarancin allurar a ƙananan asibitoci, kuma hakan ne ke sa wasu su karɓi ɗaya ko biyu su tsaya. 

Tarihin wannan rigakafi ya faro ne a Faransa a watan Yulin 1885, lokacin da Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, allurar da ya haɗa, yaron kuma ya rayu. Ranar rasuwar Pasteur, 28 ga Satumba, ita aka ware a matsayin ranar yaƙi da cutar a duniya.

Shi kuwa karen da ya yi cizon, al'adar da aka saba ita ce matasa su bi shi da sanduna su kashe, a jefar a juji. Wannan yana ɓatar da shaida. Idan karen gida ne kuma za a iya tsare shi ba tare da wani ya sake shan cizo ba, a killace shi kwana 10 ana ba shi abinci da ruwa. Karen da ke da ƙwayar a yawunsa ranar cizo zai yi rashin lafiya ko ya mutu cikin waɗannan kwanaki. Amma ba a jiran su cika kafin a fara allura. Ana farawa ne, in karen ya wuce kwana 10 garau likita ya yanke shawarar dakatarwa. Idan an riga an kashe shi, a sanar da ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma, su ne za su ɗauki kan zuwa gwajin ƙwaƙwalwa. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana wannan gwaji, tana kuma sarrafa rigakafin karnuka. Akwai kuma asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri. Ƙona gashin karen a shafa a rauni, ko gasa hantarsa a ba wanda aka ciza, ko tsaga wurin a zuba barkono da toka, babu wanda ke kashe ƙwayar. Feɗe mahaukacin kare don ciro hanta ma ƙarin mutane yake jefawa cikin haɗari. Dalilin da ya sa waɗannan magunguna suka yi suna a bayyane yake: ba kowane kare mai cizo ke da hauka ba, ba kuma kowane cizon mahaukaci ke sa cutar ba, sai wanda dama ba zai kamu ba ya zama shaidar mai magani.

Hanya mafi arha ta hana cutar ita ce yi wa karnuka rigakafi. Ana fara wa kwikwiyo yana wata uku, a maimaita duk shekara, a adana katin. Kyanwa ma ana yi mata. Idan kashi 70 cikin ɗari na karnukan wani yanki suka samu allura, cutar takan rasa inda za ta bi. An gwada haka a Injamena ta ƙasar Chadi a 2012 da 2013, aka kai wannan adadi, haukan kare ya ɗauke a birnin na wani lokaci, kafin karnuka daga kewaye su sake shigo da shi. Meziko kuwa ta samu shaidar kawar da cutar da ake ɗauka daga kare a 2019. Burin hukumomin duniya shi ne a daina mutuwa da ita nan da 2030. Kashe karnukan titi da guba, wanda wasu hukumomi ke yi duk lokacin da aka yi ƙorafi, bai taɓa kawar da cutar a ko'ina ba, domin wasu karnukan da ba su da rigakafi ne ke cike gurbin. Waɗanda ya kamata a fara nema don yi wa karnukansu rigakafi su ne 'yan farauta, makiyaya, masu karnukan gadi, da fataken da ke tattara karnuka daga Arewa zuwa kasuwanni irin ta Dawaki a Jihar Filato.

Sauran cututtukan yawancinsu ta kashi suke zuwa. Kyanwa ce kaɗai, ita da danginta na daji, ke fitar da ƙwan wata ƙwaya mai suna tokzoplasma. Takan ɗauka daga ɓera ko ɗanyen nama, ta yi mako ɗaya zuwa uku tana zubar da ƙwan a kashinta, ƙwan kuma sai ya kwana ɗaya zuwa biyar kafin ya iya sa cuta. Mai lafiya sau da yawa ba ya ma sanin ya kamu. Haɗarin yana kan mace mai ciki da ta kamu karon farko, inda cutar kan jawo ɓari ko ta lalata ido da ƙwaƙwalwar ɗan tayi, da kuma masu raunin garkuwar jiki kamar masu cutar ƙanjamau. Tumaki da awaki ma tana sa su ɓari. Ba a buƙatar korar kyanwa daga gida, tunda shafa ta ba shi ke kawo cutar ba. Abin da ake so shi ne a kwashe kashinta kullum, mai ciki kada ta zama ita ke kwashewa, a wanke latas da kabeji da karas sosai, a rufe hatsi da garin tuwo, a kuma dafa nama ya nuna har ciki. Tsire ko balangun da cikinsa ke da ja yana iya ɗauke da ita.

Kare kuma yana da tsutsotsin ciki iri-iri. Wata ƙaramar tsutsa yakan same ta ne idan ya ci huhu ko hantar tunkiya, saniya ko raƙumi mai ƙululun ruwa, irin wanda mahauta ke yankewa su wurga wa karnukan kwata. Ƙwanta ya fita a kashin karen, ya manne a gashinsa ko ya shiga ƙasa da ruwa. Mutumin da ya haɗiye shi, irin wannan ƙululu kan girma a hantarsa ko huhunsa tsawon shekaru, wani lokaci sai an yi tiyata. Kayan cikin da ke da ƙululu binne su ake yi da zurfi, ko a ƙona. Kwikwiyo kuwa kusan kowanne da tsutsa ake haihuwarsa, kuma yaran da ke wasa da ƙasar tsakar gida suna kai hannu baki su ne ke haɗiyar ƙwanta, har takan taɓa ido. Maganin tsutsa na karnuka bayan kowane wata uku, da wanke hannu kafin cin abinci, suna rage wannan sosai. Ko kurkunu, wanda aka tabbatar Najeriya da Nijar sun rabu da shi a 2013, ya samu mafaka a jikin karnukan masunta a gaɓar kogin Shari na Chadi, shi ya sa ake ɗaure karnukan da suka kamu a can, ana binne kayan cikin kifi.

Makero ma yana wucewa daga kyanwa da kwikwiyo zuwa fatar yara ta hanyar runguma da kwana wuri ɗaya; dabbar da gashinta ke zubewa da'ira-da'ira ita ce abin lura, kuma sai an yi wa dabba da yaro magani tare. Yakushin 'yar kyanwa mai ƙuma kan sa kaluluwa ta fito a hammata ko wuya bayan mako ɗaya zuwa uku, yawanci takan baje da kanta. Akwai kuma cututtukan da ke kashe karnuka da yawa amma ba sa kama mutum, kamar gudawar jini da amai ta kwikwiyo, da wata mai farawa da majina da kwantsa ta ƙare da farfaɗiya. Ta biyun tana kama da hauka ƙwarai, har ana rikita su, don haka duk karen da ya nuna alamar taɓuwar ƙwaƙwalwa ana ɗaukarsa mahaukaci ne har sai likitan dabbobi ya duba. Dukkansu biyu suna da rigakafi a haɗe cikin allura ɗaya, wadda ake fara wa kwikwiyo yana mako shida zuwa takwas.