Gandu Ya Watse, Wa Zai Riƙe Tsofaffi?

A da can, tsoho a ƙasar Hausa ba ya fargabar ranar da ƙarfinsa zai ƙare, domin gandu shi ne fanshonsa. Uba da 'ya'yansa magidanta suna noma gona ɗaya, suna ɗiba daga rumbu ɗaya, ko da yake kowa yana da 'yar gayaunarsa. In maigida ya gaza ɗaukar fartanya, tuwonsa ba ya yankewa, maganarsa kuma ba ta faɗuwa ƙasa.

To, yau fa? Rabon gado ya daddatsa gonaki, samari sun bazama birane neman aikin albashi ko cin rani. Wanda ya samu aikin ma, gidan haya mai ɗaki biyu ya ishe shi da iyalinsa da ƙyar. Sakamakon haka kowa yana ganinsa: dattawa a ƙofar masallatan Juma'a da tashoshin mota suna miƙa hannu, waɗansu kuma suna kwance a zaure, ba mai tambayar ko sun karya kumallo.

Ba za a ce hukuma ta naɗe hannu ba. An yi dokar gyaran fansho a 2004, aka sake ta a 2014. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar ƙasa game da tsufa, ta kuma kafa cibiyar kula da dattawa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni waɗanda za a biya wa kuɗin magani daga wani asusu na musamman. Amma fansho galibi na mai albashi ne. Manomi da maƙeri da tsohuwa mai ƙosai, waɗanda su ne mafi yawa, ba su da takardar barin aiki, alhali kuwa su ne gandu ya watse ya bari.

Saboda haka gyaran daga unguwa zai faro. Kowane mai unguwa ya san tsofaffin da ba su da mataimaki. Ya kamata a rubuta sunayensu, a miƙa wa ƙaramar hukuma da hukumomin zakka, a kuma shigar da su inshorar lafiya. A 2011 Jihar Ekiti ta gwada biyan tsofaffi marasa galihu Naira 5,000 kowane wata, wato ke nan abin mai yiwuwa ne.

Kai kuma ma'aikaci, ka ware rabon iyayenka ranar da albashi ya fito, kafin na kowa, ka kuma riƙa zuwa da ƙafarka, gama aike ba ya maye gurbin gaisuwa. Ɗalibi, 'ya'yanka a wurinka za su koyi yadda ake riƙon tsoho. Masu iya magana dai sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.