Abdallah ag Umbadugu, mawaƙin Abzin

Idan motar albasa ta tashi daga Tabelot za ta Agadas, da wuya a yi tafiyar nan shiru. Tun daga gindin dutsin Bagzan har cikin gari, kiɗan gitar ne ke tashi a gaban direba. Yara da yawa na tsammanin kiɗan nan gadon kaka da kakanni ne. Ba haka ba ne. A da, Abzinawa kiɗi biyu suka fi sani: tande, wato turmin da ake rufe wa baki da fatar akuya, da imzad, goge mai tsirkiya ɗaya wanda mata ke gogawa. Gitar baƙuwa ce. Cikin waɗanda suka zaunar da ita a Nijar, ba wanda ake ambata kamar Abdallah ag Umbadugu. A harshen Tamajak, “ag” na nufin “ɗan”.

An haife shi wajen shekarar 1962 a yankin Agadas. Tun yana saurayi ya sayi gitar, ya koya wa kansa, ba malami.

Lokacin nan Abzin na cikin wahala. Farin 1973 da na 1984 sun kashe raƙuma da awaki. Makiyayin da ya rasa dabbobi, me zai zauna yi? Sai samari suka yi ta ƙetara hamada zuwa Aljeriya da Libiya neman aiki. Aikin kuwa ba kullum ake samu ba, har aka laƙaba masu suna “ishumar”, daga kalmar Faransanci mai nufin marar aiki. Abdallah na cikinsu. Da dare sukan taru, su ɗora shayi a kan garwashi, mai gitar ya kaɗa, sauran su yi tafi, su amsa. Bugun tande ne suka maida kan gitar, shi ya sa ko tsoho ya ji, kunnensa ba ya ƙi. Irin wannan kiɗi ana ce masa “asuf”, wato kewa: kewar uwa, kewar rijiyar da aka saba, kewar ƙasar da aka baro. A can ne Abdallah ya kafa ƙungiyarsa ta makaɗa, Takrist n Akal, ma'ana gina ƙasa.

A shekarar 1990 tawaye ya ɓarke a arewacin Nijar, Abdallah kuma ya shiga. Waƙoƙinsa na kiran Abzinawa su haɗa kai, su nemi haƙƙinsu. Hukuma ta hana su. Gidan rediyo ba ya sa su, wanda aka kama da kaset ɗinsa kuma yana iya kwana a kurkuku. Amma hana waƙa ba kamar hana mota wucewa ba ne. Mutum ya samu kaset ɗaya, sai ya jera rakoda biyu, wannan na yi, waccan na ɗauka. Ya ba abokinsa, abokin ya ɗauki tasa. Kaset ƙarama ce, tana ɓuya cikin rawani ko cikin buhun gero. Murya takan dushe saboda yawan ɗauka, duk da haka ana saurare. A wuraren da ba jarida, ba waya, kaset ɗin nan ce ke kai labari.

Ran 24 ga Afrilu 1995 aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya. Abdallah ya komo gida, ya yi wasa a fili a Yamai, shi da aka hana jin muryarsa. A shekarar ce kuma ya ɗauki waƙoƙin “Anu Malan” a Kwatano, ƙasar Benin. Daga baya ya buɗe makarantun kiɗa a Arlit da Agadas, inda yaro ke iya taɓa gitar ko da ubansa ba shi da kuɗin saya. Wannan aiki bai yi amo kamar waƙoƙinsa ba, amma ba ƙarami ba ne.

Wani yaro ya taɓa ganin wasansa, ya koma gida ya sassaƙa katako, ya ɗaura masa wayar birkin keke, ya mai da shi gitar. Yaron nan shi ne Mdou Moctar, wanda ya girma ya kai kiɗan Abzin har Amurka da Turai.

Abdallah ya rasu a Agadas ran 4 ga Janairu 2020.