Dashen Ɓargo: Ƙalubalen Da Ke Jiran Mai Jinya Bayan Sallama

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu cutar sikila, inda aka ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara. Tun da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ya yi dashen ɓargo na farko a ƙasar a 2011, na Jami'ar Legas ya bi sahu a 2024, labarin cewa ciwon yana da waraka ya ci gaba da yaɗuwa, masu hali kuma na nufar Indiya. Uwar da ta saba kwana a gefen gadon ɗanta a Zonkwa ko Kafanchan ba za a ga laifinta ba idan ta sa rai.

Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa wa iyaye ba. Kafin dashe, ana karya garkuwar jikin yaro da magunguna masu ƙarfi don kada jikin ya ƙi sabon ɓargon. Kwanaki 100 na farko su ne mafi haɗari, garkuwar kuma kan ɗauki shekara ko fiye kafin ta dawo. A wannan tsakanin, ƙwayoyin bairos masu kama hanji, irin su noro da rota da adino, waɗanda mai lafiya kan shanye cikin kwanaki, kan zaunar da wanda aka yi wa dashe da gudawar makonni ko watanni. Hanyarsu kuwa sananniya ce: rijiyar da ke kusa da masai, butar da kowa ke taɓawa, ƙanin da ke zawo amma ake cin tuwo kwano ɗaya da shi.

Maganinsu ma da wuya. Ƙafso na kemis ba ya kashe bairos. Noro da rota ba su da takamaiman magani, sai ruwan gishiri da sukari, ƙarin ruwa da abinci mai gina jiki. Cidofovir da ake bai wa mai adino yana iya taɓa ƙoda. Babban tarkon shi ne gudawar tana kama da ta rikicin da sabon ɓargo ke yi da hanjin mai jinya. Ta rikicin ɓargo tana buƙatar a ƙara danne garkuwa, ta bairos kuma a sassauta. Ba tare da gwajin PCR na gano bairos ba, likita na iya ƙara wa wuta fetur.

Shigar da rigakafin rota cikin na yara a 2022 ya taimaka, amma bai isa ba. Wajibi ne asibitocin Kudancin Kaduna su samu ɗakin gwaji mai inganci da hanyar tuntuɓar cibiyar da ta yi dashen. Iyaye kuma su tanadi tafasasshen ruwa, sabulu da kuɗin bibiya tun kafin tafiya, su kuma garzaya asibiti ranar da gudawa ta fara. Mafi sauƙi daga duka, matasa su yi gwajin jini kafin aure don kauce wa haihuwar mai sikila.