Abin da Ke Cin Indararo a Kudancin Kaduna

Duk wanda ya ratsa Kakuri ko Makera a watan Agusta ya san gidan da indararonsa ya huje: ruwa na bin bango, fenti ya kumbura, gindin gini ya yi kore. Maigida kan ɗora laifin a kan kafinta. Sau da yawa kafinta bai ci ba bai sha ba.

Kaduna na samun ruwan sama kimanin milimita 1,200 a shekara. Rufin da ya kai murabba'in mita 100 yana tara lita 120,000 ke nan, kuma duk ta wannan siririn kwanon za su bi.

Kwanon kansa ƙarfe ne da aka yi wa rigar tutiya. Tutiyar ce ke fara lalacewa domin ƙarfen ya tsira, ko da an ɗan karce shi. Ranar da ta ƙare, tsatsa ta samu shiga.

Masana'antu na auna ƙarkon wannan riga da gwajin feshin gishiri, wanda aka tsara ƙa'idarsa a Amurka tun 1939. Ana sa guntun kwano a akwati mai zafin digiri 35, a yi ta fesa masa ruwan da kashi 5 cikin ɗarinsa gishiri ne, ana ƙirga awoyin da zai yi kafin jar tsatsa ta ɓullo. Gwajin na tona asirin kwanon da aka yi wa rowar tutiya. Sai dai iskar gishiri matsalar Legas ce; Barnawa da Sabon Tasha ba su da teku.

Abin da ke cin namu ƙurar hunturu ce da ganyen mangwaro. Su taru tun Disamba, ruwan fari ya mai da su taɓo, taɓon ya kwana da danshi mako da mako. Tutiya kuwa sai tana jiƙewa tana bushewa take yin fatar da ke kare ta. Shi ya sa ramin farko ke fitowa daidai inda indararo ya lotsa, ko kusa da ƙusa.

Na taɓa hawa tsani a wani gida a Narayi cikin watan Afrilu. Na kwashe ƙasa cike da bokiti biyu, har da tsiron tumatir. Da na ɗaga kwanon, rana na leƙowa ta ƙananan ramuka a ƙasansa, gefensa kuwa sumul kamar jiya aka sayo.