Cirewa ko ceto: Makomar haƙorin da cuta ta kama jijiyarsa da dasashinsa

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2022 ya nuna cewa sama da mutum biliyan ɗaya ne ke fama da matsanancin ciwon dasashi. A cikinsu akwai waɗanda matsalarsu ta ninku, domin cutar ta haɗa da jijiyar da ke cikin haƙori. Tambayar da ke gaban irin wannan majinyaci ita ce: ya kashe kuɗi a ceto haƙorin, ko a cire shi a huta?

Yadda cutar ke ƙetarawa

Jijiyar haƙori da dasashi maƙwabta ne. Akwai ƙofa a ƙarshen saiwar haƙori, da wasu ƙananan hanyoyi a gefenta, waɗanda ƙwayoyin cuta ke bi. Idan ruɓewa ta kashe jijiya, mugunya na iya gangarowa ta ɓulla ta dasashi. Haka kuma, ciwon dasashin da ya daɗe yana cin ƙashi na iya kaiwa ƙarshen saiwa ya kashe jijiyar. Wani lokaci cututtukan biyu kan fara daban-daban, daga baya su haɗe.

Mafarin cutar ne ke yanke hukunci

Tun a 1972 likitoci uku, Simon da Glick da Frank, suka karkasa matsalar bisa inda ta faro. Idan daga jijiya ta taso, fata na da yawa. Likita zai cire matacciyar jijiyar, ya wanke ramin saiwa ya toshe shi, sau da yawa kuma ƙashin da ya zaizaye kan sake cikowa.

Idan kuwa daga dasashi ta faro, ko cututtukan biyu suka haɗe, lamarin ya fi wuya. Wankin ramin saiwa ba ya dawo da ƙashin da ciwon dasashi ya cinye, don haka rayuwar haƙorin ta rataya ne a kan yawan ƙashin da ya rage yana riƙe da shi.

Taron ƙwararru da aka yi a Chicago a 2017 ya ƙara wani ma'auni: ko saiwar kanta ta samu lahani. Haƙorin da saiwarsa ta tsage a tsaye ba kasafai yake tsira ba, galibi cirewa ce mafita.

Yadda ake bin maganin

Bayan gwajin ko jijiyar na raye, da auna zurfin ramin dasashi, da ɗaukar hoto, akan fara da aikin jijiya. Sai a jira wata biyu zuwa uku a ga abin da ya warke, kafin a shiga aiki mai zurfi a kan dasashi, har da tiyata idan ta kama. Shan taba da ciwon sugan da ba a kula da shi suna rage nasara ƙwarai.

Lokaci da aljihu

Rahoton na 2022 ya yi nuni da cewa majinyata kan biya kuɗin kula da haƙori ne daga aljihunsu, abin da ke sa marasa ƙarfi jinkiri. Wannan cuta kuwa ba ta jira. Ciwon dasashi yakan daɗe ba tare da zafi ba, kuma duk watan da ya wuce ƙashi na raguwa. Jini yayin goge baki, ƙurji mai tafiya yana dawowa, ko haƙori mai girgiɗi, alamu ne da ke buƙatar ganin likitan haƙori tun ana iya zaɓi tsakanin ceto da cirewa.