Rabon ƙarfin layi tsakanin rukunonin adireshi: bayani da batun kalmomi

A cikin aikinmu na tattara kalmomin fasaha, mun tarar Hausa ba ta da tsayayyar kalma ta abin da Faransanci ke kira débit. A Damagaram "rezo" ake cewa, ko samuwar layi ake nufi ko saurinsa. Mu a nan "ƙarfin layi" za mu ce, wato yawan bayanan da ke iya wucewa cikin daƙiƙa ɗaya. Da megabit ake auna shi.

A ƙaddara ma'aikatar magajin garin Tirmini ta yi hayar layi mai megabit 10, ta bar asibiti da koleji suna ja daga gare shi. In babu ƙa'ida, wayar da ta fi zari ita ke kwashewa: ɗalibi guda mai sauke bidiyo ya isa ya hana asibiti aika rahoton wata. To, na'urar raba hanya, wadda ake kira ruter, ba ta san mutum ba, adireshi ta sani. Sai a ware adireshin rukuni-rukuni, misali 192.168.1.0/24 na asibiti, 192.168.2.0/24 na koleji, kowane mai ɗaukar na'ura 254.

Lamba biyu ake yanka wa kowane rukuni: kason da ba a taɓa masa, da iyakar da ba ya wucewa. A ce kason asibiti 4, na ma'aikata 4, na koleji 2, iyakar kowa 10. Idan ma'aikata ta tashi da yamma, koleji ya ari abin da ta bari, ya mayar da zarar ta dawo. Sharaɗi ɗaya ne: jimillar kasonni kada ta zarce ƙarfin layin, in ba haka ba an yi alkawarin abin da babu. Wannan dabara, HTB, ta shiga Linux a 2002, kuma na'urorin MikroTik na aiki da ita. Sunanta na Ingilishi yana ɗauke da hoton guga. A ganinmu "randa" ta fi dacewa, domin guga ɗiba yake yi, randa kuwa ana cika ta kaɗan-kaɗan, kowa ya ɗiba gwargwadon abin da ya taru.

Abin lura shi ne iyakar rukuni ba ta yin adalci tsakanin ƴan rukunin. Ɗalibin nan zai iya cinye megabit 2 na koleji shi kaɗai, sai fa an sake raba kason bisa kowane adireshi, abin da MikroTik ke kira PCQ.