Akushin Mutanen Haida: Gadon da Ya Tsallake Iyaka

Mu da muka tashi muna cin tuwo a akushi, labarin mutanen Haida, mazauna tsibiran Haida Gwaii a yammacin Kanada, ba zai ba mu mamaki ba. Su ma da itace suke sassaƙa kwanon bikinsu, su yi masa siffar hankaka, gaggafa ko dabbar teku.

A ciki ake zuba man wani ƙaramin kifi, ana dangwala da busasshen kifi. Wannan mai sai fatauci ke kawo shi: su kai jiragen ruwan da suka sassaƙa bakin kogin Nass, su musanyo. Ranar biki mai gida zai ciyar da jama'a, ya raba dukiya, baƙi su zama shaidun sarautarsa.

Cutar agana ta 1862 ta yi musu mummunar ɓarna. A 1884 kuma gwamnatin Kanada ta kafa dokar hana bikin, ba a janye ta ba sai 1951. Masu sayen kayan tarihi suka yi ta kwasar akusa zuwa Ingila da Amurka. Yau jikoki ke bin gidajen tarihi don ganin kayan kakanninsu, wasu akusan har yanzu suna tsattsafar mai.

To, 'yan kasuwa, idan baƙo ya taya tsohon akushin gida, mu yi tunani tukuna. Kuɗi kan ƙare, gado kuwa in ya tsallake iyaka, dawo da shi sai an sha wuya.